Yadda Ake Kama Ishtirakin Da Ke Lasar Albashi a Saudiyya

Ranar da muka kwashe kaya daga tsohuwar unguwarmu, lokacin rusau ɗin Jidda na 2022, akwai kwali guda da Kawu ya hana kowa taɓawa. Da kansa ya rungumo shi har motar kaya, ya zauna a gaba ya ɗora shi a cinya. Kaset-kaset ne na tafsiri da karatun Alƙur'ani, wasu tun daga Kano ya taho da su, kowanne da rubutun ajami a bayansa. Rediyon ma tana nan da ranta. In ta cije zare ya zaro, ya zura biro ya naɗe.

Na ce, "Kawu, ai duk abin da ke cikin kwalin nan yana cikin waya."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wayar taka, watan da ba ka biya ba tana magana?"

Dariya na yi a lokacin. Bayan 'yan watanni ina wurin aiki saƙon banki ya shigo, wai an cire riyal 149, alhali ko ruwan sha ban saya ba ranar. Da na bi diddigi, ashe wata manhajar gyaran hoto ce da 'yata ta sauke a wayata don aikin makaranta. An ce kwana uku kyauta, kwana ukun suka cika babu wanda ya tuna. Daren nan na zauna da biro da takarda na lissafa duk abin da ke cirar kansa da kansa daga asusuna. Abu tara na samu, jimillarsu riyal 310 a wata, wato 3,720 a shekara. Mu da kullum muke kukan kuɗin murafiƙin, wato harajin zaman iyali, riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka (takardar izinin zama) tun Yulin 2020, ashe ni na ƙaro wani ɗa da ban haifa ba, ina ciyar da shi ban sani ba.

Ishtiraki muke kiransa a nan, da bakin Larabawa. Ma'anarsa ka riƙa biya duk wata ko duk shekara don a bar ka ka mori abu, ranar da ka daina biya a rufe. Ya bambanta da biyan kaɗan-kaɗan irin na Tabby da Tamara, domin wancan yana da ranar ƙarewa, kayan kuma su zama naka. Shi ishtiraki ba ya ƙarewa sai ka tsayar da shi da hannunka.

A da, mutum zai shiga shagon Jarir ya sayi faifan Office a kwali, ya sa a kwamfuta, shi ke nan har kwamfutar ta mutu. A 2013 Adobe ta sanar cewa ta daina fitar da sabon Photoshop na saye, sai dai haya, kuma a farkon shekarar Microsoft ta fito da Office 365 na gida. Netflix ta iso Saudiyya a Janairun 2016, Spotify a ƙarshen 2018, Amazon Prime a Janairun 2021. Can gida ma, masu sayar da faifan fim a Ƙofar Wambai sun ga yadda kasuwa ta koma YouTube. Dalilin kamfanonin a bayyane yake: wanda ya saya sau ɗaya ya tafi ke nan, mai haya kuwa duk wata yana dawowa, ko ya tuna ko ya manta. Ba duk ishtiraki ne cuta ba, akwai waɗanda nake biya har yau da daɗin rai. Abin da na ƙi shi ne in biya ban sani ba. Ga yadda na bi, kuma haka nake bi da duk wanda ya miƙo mini wayarsa bayan sallar isha'i ya ce in duba masa.

Da farko, tono su duka

Kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka. Wanda ka tuna ba shi ne matsalar ba. Ka samu dare guda bayan albashi ya shiga, ka ɗauko takarda, ka ja layi huɗu: sunan abin, nawa ake cira, ranar da ake cira, da kuma ta inda ake cira. Wannan layin na ƙarshe shi ne zai yi maka amfani in an zo sokewa.

Ka fara da banki. Buɗe manhajar bankinka ka ciro kashaf hisab, wato bayanin shige da ficen kuɗi, na wata goma sha biyu cif. Na wata ɗaya ko uku ba zai wadatar ba, saboda masu cira sau ɗaya a shekara su ne suka fi ɓuya, kuma su ne suka fi tsoka. Ka bi layi-layi, kana neman adadin da ke maimaita kansa. Za ka ga wasu da sunan da ba ka gane ba. Wanda ya fara da APPLE.COM/BILL daga shagon Apple yake, wanda ya fara da GOOGLE daga Google Play, kuma a ƙarƙashin suna ɗaya ana iya samun abu uku daban-daban. In kana da katin mada, wato na cirar kuɗi daga asusu, da katin bashi da kuma walat irin urpay ko STC Bank, kowanne sai ka bi shi haka.

Sai wayar kanta. Mai iPhone ya shiga wurin saiti, wanda wayar Larabci ke kira I'idadat, ya taɓa sunansa a sama, ya zaɓi Ishtirakat. Mai Android ya buɗe Google Play, ya taɓa hotonsa a kusurwa, ya shiga wurin biyan kuɗi da ishtiraki. In kana da adireshin Gmail fiye da ɗaya a wayar, ka duba kowanne, domin da yawa daga cikinmu wani ne ya buɗe mana na farko a shago shekaru da suka wuce, muka buɗe na biyu da kanmu, kuɗin kuma yana fita ta tsohon.

Wuri na uku shi ne wanda mutanenmu suka fi mantawa: faturar layin waya, wato takardar kuɗin wata. STC da Mobily da Zain duk suna ba da damar a sayi abu a ɗora a kan layi. Ga mai layin fatura sai ya ga kuɗin wata ya ɗan ƙaru, ya ce ai kira ne. Ga mai layin kati kuma sai kuɗin da ya loda ya riƙa narkewa, riyal ɗaya yau, biyu gobe, na waƙar jiran kira, ko wasan yara, ko wani saƙon da aka taɓa "na'am" a kansa bisa kuskure. Ka shiga manhajar kamfanin ka duba jerin hidimomin da ke kan lambarka. In ka rasa gane wurin, ka kira su: STC 900, Mobily 1100, Zain 959. Ka ce a karanto maka duk abin da ke kan layin.

Daga nan ka tara iyali. Wayar uwargida, ta yara, allon da suke kallon zane, na'urar wasa, talabijin ɗin falo. Ba da faɗa ba, don in ka fara da faɗa za a ɓoye maka. Ni da na tambayi tawa, cewa ta yi, "Abban Nana, wanda kake nema ai kai ka sa shi da azumin bara, ka ce wata ɗaya kawai." Gaskiyarta.

Ninka da goma sha biyu

Kowane adadi da ka rubuta, ka ninka shi da 12 ka rubuta a gefe. Riyal 35 ba ya tsorata kowa, kuɗin shinkafar buhari ne na mutum biyu. Amma 420 fa? In ka ninka da shekara biyar ya zama 2,100, kuɗin da zai sayi ƙaramar kwamfuta. Ka yi lissafin da abin da banki ya cira a zahiri, kada ka yi da farashin talla, domin harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari tun 1 ga Yulin 2020, kuma abin da aka yi wa farashi da dala wasu katunan suna ƙara masa ladan canji a kan riyal 3.75 ɗin da aka sani.

Sannan ka yi wa kowanne tambaya biyu. Yaushe rabon da a buɗe shi a gidan nan? In an daina biya, me zai tafi da shi?

Tambaya ta farko mai sauƙi ce. Abin da aka yi wata biyu ba a buɗe ba, a yanka. Kulob ɗin motsa jikin da ka yi rajista da zafin niyya ka je sau huɗu, a yanka. Ishtirakin kawo abinci kyauta irin na HungerStation ko Jahez, ka ƙirga sau nawa kuka yi oda a watan jiya, ka ninka da kuɗin kawowa. In bai kai kuɗin ishtirakin ba, ka san amsa. In ma ya kai, ka tambayi kanka ko don an ce kawowa kyauta ne ya sa tukunyar gidan ta rage hawa wuta.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, kuma ita ta raba abubuwan gida biyu. Akwai wanda in ka bari ba ka rasa komai naka ba, kallo ne kawai ya tsaya: fim, ƙwallo, waƙa. Akwai kuma wanda ke riƙe da kayanka a hannunsa: hotunan yara, takardun aiki, karatun da ka tara. Na farko haya ce tsantsa, ka shiga ka fita yadda ka ga dama. Na biyu kuwa jingina ce, kada ka taɓa shi sai ka karanta sashe na gaba.

Akwai abin da za ka iya saya sau ɗaya ka huta. Microsoft har yanzu tana sayar da Office 2024 na biya ɗaya, na kwamfuta guda, da alkawarin gyara har zuwa Oktoban 2029. Mai rubuta wasiƙa da ɗan lissafin shago ko wannan ma bai buƙata ba, LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel. Amma gidan da ke da ɗalibai huɗu, Microsoft 365 na iyali da ke ɗaukar mutum shida, kowa da ma'ajiyarsa ta terabayit ɗaya, zai iya fi masa sauƙi. Lissafin gidanka ne zai faɗa maka.

Sai dai ka sani, ko inda aka rubuta "saya" a intanet, sau da yawa izinin amfani kawai ka saya. A 2009 Amazon ta shiga na'urorin Kindle na mutane ta goge wasu littattafan da suka biya, ta mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ta rufe shagonta na littattafai, waɗanda aka saya suka daina buɗuwa, ita ma ta mayar da kuɗi. A 2024 Ubisoft ta kashe wasan tseren mota na The Crew, har wanda ke da faifansa a hannu ya kasa bugawa. Abin ya kai jihar Kalifoniya a Amurka ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2025, cewa dole mai shago ya bayyana wa mai saye in izini kawai yake sayar masa. Ni ma'aunina ɗaya ne: in zan iya kwafe abu a filash, in buɗe shi a wata kwamfutar ba tare da intanet ba, nawa ne. In ba haka ba, kayan aro ne, shi kuwa ba ya rufe katara.

Kwashe kayanka kafin ka rufe ƙofa

Nan ne mutane ke yin kuka, don haka zan ɗan daɗe.

Google tana ba kowa gigabayit 15 kyauta, kuma a ciki ake ƙirga Gmail da Drive da hotuna. Har zuwa 1 ga Yunin 2021 hotuna ba sa cin wannan wurin in an rage musu nauyi, shi ya sa muka yi ta zubawa ba lissafi. Daga baya ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma ta shiga ƙirgen. Ka san yadda zaurukanmu suke: wa'azi, bidiyon biki, sanarwar rasuwa, gaisuwar Juma'a mai fure, kowanne sau goma. Apple kuwa gigabayit 5 kacal take bayarwa. Wurin na cika sai a nuna maka jan rubutu, ka firgita ka biya.

In ka daina biyan Google alhali kayanka sun haura 15, ba a ranar za a goge su ba, amma saƙon Gmail zai daina shiga da fita, kuma sabon hoto ba zai hau ba. Ka tuna ta wannan adireshin ne tikitin jirgi da saƙon wurin aiki ke zuwa. In ka zauna a haka har shekara biyu, ƙa'idarsu ta ba su damar gogewa. Microsoft 365 kuma in ya ƙare, takardunka za su buɗu ka karanta, amma ba za ka iya gyarawa ba, ma'ajiyar OneDrive ta koma gigabayit 5.

To ga abin yi. Ka sayi faifan ajiya na waje, ana samu a Jarir da eXtra, na terabayit ɗaya ya ishi yawancin gidaje. Ka zauna a kwamfuta, kada ka yi da waya. Ka shiga takeout.google.com, ka cire alamar komai, ka zaɓi hotuna da Drive kaɗai, ka nemi a haɗa maka su. Zai iya ɗaukar awoyi, wani lokaci har kwana, sannan su turo maka mahaɗin saukewa, wanda ke mutuwa bayan mako guda. Ka sauke da intanet ɗin gida. Masu iPhone su shiga privacy.apple.com su nemi kwafin bayanansu, ko su haɗa wayar da kwamfuta da kebul su kwashe, amma su tabbata ainihin hotunan ne a wayar, domin in an kunna tsarin rage nauyi, ƙananan kwafi ne a hannunka, manyan suna can wurinsu.

Bayan ka sauke, ka buɗe ka gani da idonka. Ka zaɓi hoton shekara biyar baya, ka kunna bidiyo biyu uku har ƙarshe. Na taɓa ganin wanda ya goge komai daga sama yana murna, ashe rabin abin da ya sauke bai kammala ba, hotunan sunan ɗansa na fari suka tafi. Kuma kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. Faifai yana faɗuwa, zafin Jidda da laimarta ba sa raga wa na'ura. Ka yi biyu, ɗaya a ɗakinka, ɗaya a wani gidan.

Wani tarko kuma: in manhajar hotuna tana haɗe da ma'ajiyar sama, abin da ka goge a waya yana goguwa a can, abin da ka goge a can yana goguwa a waya. Sai ka tabbatar da kwafinka biyu kafin yatsanka ya kusanci kwandon shara.

Fim ɗin da ka sauke a Netflix ko Shahid ba ya cikin wannan magana, yana tafiya tare da ishtirakin. Haka waƙa ko karatun da ke cikin Spotify, wanda ma sai ka leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30 kafin ya ci gaba da buɗuwa. Karatun malamai da ƙira'ar da kake so ta zauna da kai, nemi wadda aka saka kyauta don a sauke, ka zuba a memori. Kwalin Kawu ke nan na zamani.

Sokewa

Goge manhaja daga waya ba ya soke ishtiraki. In ka manta komai a rubutun nan, riƙe wannan. Ta ƙofar da ka shiga za ka fita. Wanda aka yi ta Apple, a Apple ake sokewa, wanda aka yi ta Google Play a can, wanda aka yi a shafin kamfani da kati sai a shafin, wanda ke kan layi sai ta kamfanin waya. Amfanin layin nan na huɗu a takardarka ke nan.

Za su ja ka. Shafi ya ce ka tabbata, wani ya ce ga ragin rabi na wata uku, wani ya nuna maka abin da za ka rasa, maɓallin fita kuma a yi shi ƙarami da launin toka. Wannan ba zato ba ne. Hukumar kare masu saye ta Amurka ta kai Adobe kotu a 2024 kan wahalar da masu son fita, kuma a Satumban 2025 Amazon ta yarda ta biya dala biliyan 2.5 don kashe ƙara makamanciyar wannan a kan Prime. Ka ci gaba da dannawa har sai ka ga an rubuta ranar da zai tsaya. Ka ɗauki hoton allon, ka adana saƙon tabbaci. Galibi za ka ci gaba da mora har kwanakin da ka biya su ƙare, saboda haka babu ribar jira sai ranar ƙarshe.

Ka kula da wanda ake kira na shekara mai biyan wata-wata. A ido kamar na wata ne, alhali ka sa hannu a kan shekara. A tsarin Adobe, in kwana 14 na farko suka wuce, mai son fita zai biya rabin abin da ya rage. Haka layin fatura da aka ba ka waya a kansa na wata 12 ko 24, fita kafin lokaci akwai tara. Kuma kada ka ce bari in rufe katin kawai su gaji su bari. Ga ƙaramin ishtirakin kallo hakan na iya wucewa, amma inda akwai yarjejeniya bashi ne ke taruwa, kuma bashin kamfanin waya yana iya hawa sunanka a SIMAH, rajistar masu bashi, ka zo neman wani abu gaba ka tarar da shi yana jiranka.

In an riga an cire kuɗin da ba ka yi niyya ba, yi sauri. Na Apple ana neman mayarwa a reportaproblem.apple.com. Na Google Play ya fi sauƙi cikin awa 48 na farko. Ba dole su mayar ba, amma sau da yawa suna yi, musamman in yaro ne ya danna. Dokar cinikin intanet ta Saudiyya ta 2019 ta ba mai saye kwana 7 ya janye muddin bai yi amfani da abin ba, sai dai ta keɓe wasu abubuwa, don haka kada ka jingina da ita a kan abin da ka riga ka buɗe ka mora. In shagon cikin ƙasa ne ya ƙi sauraronka, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi a 1900 da manhajar Balag Tijari. In na layin waya ne, ka fara shigar da ƙorafi wurin kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafin, in ba su warware ba ka ɗaga zuwa hukumar sadarwa ta CST. Na banki kuma SAMA, babban bankin ƙasar.

Waɗanda suka rage

Ni daga tara na koma uku. Waɗanda ka bari, ka ɗaure su.

Biyan shekara ya fi araha a takarda. Lokacin da Prime ta fara a nan, riyal 16 ne a wata ko 140 a shekara, bambancin riyal 52 ke nan. Amma na shekara sai abin da ka tabbata kana buɗewa kullum. Na kallo ban ba da shawara ba. Masu ƙwallo sun ga darasi: wasannin lig ɗin Saudiyya sun yi shekaru a tashar SSC, daga kakar 2025 suka koma ta Thmanyah. Ka biya wata ɗaya lokacin da abin da kake so ke gudana, da azumi ko lokacin gasa, ka soke a ranar da ka biya, ya mutu da kansa in watan ya cika.

Ku haɗu a tsarin iyali inda ya halatta. Apple da Google One suna barin mutum ya raba da wasu biyar. Netflix kuwa tun 2023 ta tsaurara, asusu na gida ɗaya ne. Masu tallan ishtiraki mai arha a zaurukan WhatsApp, shekara guda da kuɗin shawarma uku, ka bar musu kayansu. Ko dai asusun sata ne ko tashoshin fashi, yau yana yi gobe ya ɗauke, mai sayarwar ya canza lamba. Araha ba ta ado.

Kada ka ɗaura ishtiraki a katin da albashi ke shiga. Ka ware kati guda na walat, ka riƙa zuba masa daidai kuɗin wata. Ko ka sayi katin kyauta na Apple ko Google Play ka loda, ka cire katin banki daga wayar gaba ɗaya, musamman wayar da yara ke ɗauka. Ka kunna neman kalmar sirri ko yatsa kafin kowane saye.

Gwajin kyauta kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa. In sun nemi lambar kati, sun san me suke jira. Kana shiga ka sa ƙararrawa a waya kwana biyu kafin ya cika, domin Apple tana so a soke aƙalla awa 24 kafin lokacin.

In tafiya ta zo

Zamanmu a ƙasar nan shi kansa sabuntawa ake yi, kuma kowa ya san wanda aka buga wa huruj niha'i, wato bizar barin ƙasa gaba ɗaya, ba shiri. Bizar fitan ba ta ba da fiye da kwana 60, kuma kwanakin nan a sayar da mota da biyan tara da sallama suke ƙarewa. Saboda haka wannan aikin tun yanzu ake yinsa.

Lambar wayarka tana ɗaure da iƙamarka, kuma duk lambobin sirri ta kanta suke zuwa. Ranar da layin ya mutu, in shi kaɗai ne mabuɗin Gmail ɗinka, ka rasa mabuɗin, kuma lambar za a iya ba wani. Ka shiga saitin tsaro na Google ka ƙara lamba ta biyu, ta gida Najeriya ko Nijar, ta wanda ka amince da shi. Ka ciro lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa, ka buga a takarda ka sa cikin fasfo. WhatsApp yana da wurin canza lamba, ka yi tun tsohon layin yana raye. Ka soke duk ishtiraki kafin ka rufe asusun banki, ka biya faturar ƙarshe ka karɓi shaida. Apple ba za ta bari ka mayar da asusunka wata ƙasa ba sai ka soke ishtirakinka ka cinye ragowar kuɗin da ke ciki. Google Play kuma ba ta barin a yi ta sauya ƙasa a kai a kai, kuɗin riyal da ya rage ba zai yi maka aiki a can ba. Don haka watannin ƙarshe kada ka loda da yawa.

Akwai kuma tafiyar da ba a buga mata biza. Rediyon Kawu da kaset ɗinsa za a raba su gado, asusun intanet kuwa ba ya shiga rabo, kuma zai ci gaba da cirar kuɗi har katin ya tsaya. Apple tun ƙarshen 2021 ta ba da damar ka naɗa magajin asusu, ta ba shi mabuɗin da zai kai tare da takardar shaidar rasuwa. Google tana da tsarin da za ka ce in an yi wata kaza ba ka shiga ba, a miƙa wa wane hotuna da takardu. Minti goma ya isa a saita kowanne. Takardar nan mai layi huɗu kuma kada ka yar, ka nuna wa uwargida inda take.

Faifaina na biyu na ba wata 'yar'uwarmu da ta zo Umara da azumi ta kai wa Hajiya a Kano, na naɗe shi a cikin sallaya don kada ya bugu. Da ta isa Hajiya ta kira ni, ta ce an kawo mata wani ƙarfe kamar sabulu, me za ta yi da shi? Na ce ta sa a ƙasan adaka, wurin takardun gida, kada a ba yara.